Riƙe, ajiye, tallabe: lacca kan fi'ilan riƙo a Sifaniyanci

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

Yau maganar riƙo za mu yi. Na duba aikin da kuka kawo, kusan kowa ya zuba tener ko'ina kamar gishiri a miya. Laifin ƙamus ɗin Turanci ne da kuke bi ta cikinsa kafin ku iso Sifaniyanci. Ku riƙa tambayar Hausarku, ta fi kusa.

Tener daga Latin ya fito, tenere, kuma asalinsa riƙewa da hannu ne. Amma yau ya koma mallaka. Tengo veinte años, ina da shekara 20, daidai yadda muke faɗa. Ma'anar riƙon sai ta koma wurin 'ya'yansa, wato fi'ilan da suka fito daga gare shi irin su sostener da mantener, da wasu fi'ilan daban. Sostener shi ne tallabe, abu mai nauyi da zai faɗi in ka saki. Ku dubi yadda na ɗora littafin nan a tafin hannuna, na tallabe shi daga ƙasa: sostengo el libro. Yanzu kuma na danne takardar nan kada fanka ta kwashe ta. Wannan sujetar ne, hana abu motsi. In kuwa ɓarawo ya fizgi jakarki, Hajiya, kika cafko hannunsa, agarrar kika yi. Kalmar daga garra take, wato farcen dabba ko na shaho, shi ya sa akwai ƙarfi a cikinta.

Wanda na fi so shi ne mantener. Daga Latin manu tenere ya fito, riƙo da hannu, amma riƙon da ba ya yankewa. Mantener a la familia, riƙe iyali, ci da sha da sutura. Bahaushe ya ce wane yana riƙe da gidansu, ai ba bangon gidan ya rungume ba. Haka ma mantener la calma, mutum ya ci gaba da natsuwa.

Guardar kuwa ajiye ne, kawai. Kuɗi a akwati, aiki a kwamfuta, har sirri: guardar un secreto. In za ka bar wa direban tasi canji, kada ka ce guarde, sai ya zaci ajiya ka ba shi. Quédese con el cambio ake cewa, ya zama nasa ke nan.

Malam, ka ɗaga hannu, coger za ka tambaya ko? Na sani. A Sifen kalma ce ta kullum, da ita ake ɗaukar kaya, da ita ake hawa bas. Ni ma a Madrid na saba da ita. Ranar da na furta ta gaban wasu 'yan Ajantina, dariya suka yi har da riƙe ciki, domin a can da Meziko batsa ce. In kun tsallaka can, tomar ko agarrar za ku ce.