Intanet: An Gina Ta Ba Mai Gida, Yau Ga Masu Gadi

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A daren 29 ga Oktoban 1969, wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya zauna zai aika saƙo zuwa wata kwamfuta a cibiyar bincike ta Stanford. Harafi biyu kacal suka isa, L da O, sai na'urar can ta tsaya cak. Da wannan tuntuɓe aka faro ARPANET, kakar intanet.

Kada wani ya ce mana waliyyai ne suka gina ta, domin kuɗin aikin daga ma'aikatar tsaron Amurka ya fito. Amma masanan da suka riƙe ragamar suna da aƙida guda: hanya ce ta kowa. Tsarin da Vint Cerf da Bob Kahn suka fitar a 1974 ba ruwansa da wane ne ya aiko saƙo ko me ke ciki, nasa dai ya kai. Haka Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, wato tsarin shafukan da muke buɗewa a kan intanet, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Siwizalan. Da ya so, da ya kafa shinge yana karɓar kuɗi a kan kowane shafi. Maimakon haka, ranar 30 ga Afrilun 1993, CERN ta sakar wa duniya fasahar kyauta, ba ko sisi.

To yau fa? Hanyar tana nan, amma mafi yawanmu ta ƙofar kamfanoni ƙalilan muke shiga: Google, Meta da ire-irensu. Suna cewa kyauta ne, alhali biri ya yi kama da mutum. Ka duba takalmi sau ɗaya a wayarka, tallarsa ta dinga binka kamar jela duk inda ka leƙa. Ba kuɗi ka biya ba, sirrinka da lokacinka ka bayar. A 2018 aka bankaɗo cewa kamfanin Cambridge Analytica, mai ba 'yan siyasa shawara kan yaƙin neman zaɓe, ya samu bayanan masu amfani da Facebook da za su kai miliyan 87.

Gwamnatoci ma sun gano inda makunnin yake. A Janairun 2011, da zanga-zanga ta yi ƙamari a dandalin Tahrir, hukumomin Masar suka umarci kamfanonin sadarwa su katse intanet, ƙasar ta yi kusan kwana biyar shiru.