Kwayil Ya Ƙone Bayan An Bi Zane? Matsalar Tana Wajen Kallon Soket

To, ga abin da ya sa na kunna kyamara yau. Tambaya ɗaya ake ta jefo mini: "Malam, na bi zanen waya tiryan-tiryan, me ya sa kwayil ɗina ya ƙone?" Kwayil dai ita ce na'urar da ke ba fulogi wutar tartsatsi. Zanen bai yi ƙarya ba. Kai ne ka kalle shi ta baya.

Wannan da kuke gani injin ƙaramin jirgi ne, irin waɗanda mutane ke haɗawa a gareji a Amurka, su cika filin taron jirage na garin Oshkosh da su duk ƙarshen watan Yuli. Silinda huɗu, kowace da fulogi biyu, kuma wutar kashi biyu ce daban, don idan ɗaya ta mutu a sama ɗayar ta riƙe ka. Mai shi ya sa kwayil na mota, irin na injin LS na kamfanin GM.

Waya ta jirgi ce, mai rigar wata roba da ake kira Tefzel. A fere baki, a matse da filayar da aka yi don haka. Dalma? Ni ba na sa ta a nan, tana sandarar da waya, girgizar inji ta karya ta. Mu wuce.

Yanzu ku matso. Soket ɗin kwayil baki huɗu ne da shi, A zuwa D. A, bodi ne, wato hanyar da wuta ke komawa, kai tsaye jikin inji. B, shi ma bodi ne, amma mai komawa ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi. C, wayar umarni, mai ɗauke da volt 5, ita ke cewa "buga wuta". D kuma volt 12 daga batir. Sauƙi, ko?

Ga soket ɗin yana kallona, ta inda yake shiga kwayil. Ku lura da inda A yake. To, bari in juya shi ta inda wayoyi ke shiga. Kun gani? A ya koma ɗaya gefen. Kamar ka tsaya gaban madubi ne, damarka ta zama hagu. Shi zanen sau da yawa ba ya gaya maka ta wane ɓangare aka zana shi, kai kuwa lokacin da kake cusa waya, ta baya kake aiki. Sai volt 12 ta faɗa bakin A, bodi ya tafi D, B da C su yi musanya. Ka kunna makulli, babu tartsatsi ko ɗaya. In ka yi sa'a fiyus ne zai yanke. In ba ka yi ba, hancinka ne zai fara ba ka labari.

Don haka ka manta da hagu da dama. Haska tocila a jikin robar nan, haruffan suna nan a rubuce, ƙanana kamar ƙwayar gero. Ni sai da na sa tabarau, shekaru sun fara magana. Harafi za ka bi, ba gefe ba.

Kafin ka cusa soket a kwayil, ɗauko mita. Baƙar waya a jikin inji, jar a bakin D, kunna makulli: ka ga 12 da ɗoriya. Kashe makulli, ka gwada ko A na haɗe da jikin inji, mita ta yi ƙara. Haka za ka bi kowane soket, ba guda ɗaya ka ce sauran ma haka suke ba.

Wasu kan haɗe A da B wuri guda don rage aiki. A ra'ayina, raba su kamar yadda aka tsara, don wutar da kwayil ke ja kada ta dame umarnin da ke zuwa ta C. Kowane kashi na wutar kuma da fiyus ɗinsa, in ba haka ba biyun naka ɗaya ne.

Sai gwaji a ƙasa. A ɗaure jirgi, kowa ya ja da baya daga farfela. Kashe kashi ɗaya, inji ya ɗan sauke murya amma ya ci gaba. Mayar, kashe ɗayan. Ku saurara, na bar muku ƙarar.