Jin Ping Mei: Abin da 'Yan Fim Suka Ɗauka da Abin da Suka Bari

Assalamu alaikum. Na hango wasu a baya suna murmushi tun da aka ambaci sunan littafin. Ku kwantar da hankalinku, ba wuraren da kuke zato zan karanto ba.

Jin Ping Mei littafin ƙasar Sin ne mai babi 100. Tun wajajen 1596, zamanin daular Ming, yake yawo hannu da hannu kafin a buga shi, kuma marubucin ya ɓoye sunansa. Jigon labarin Ximen Qing ne, attajiri mai shagon magani a garin Qinghe. Shi da Pan Jinlian suka haɗa baki aka ɗura wa mijinta guba, sannan ya aure ta, ta shiga jerin matansa shida.

Batsa kam akwai ta. Da Clement Egerton ya fitar da fassararsa ta Turanci a 1939, da Latin ya rubuta waɗannan wurare, wai kada kowa da kowa ya gane. Bugun Beijing na 1985 ya cire haruffa kusan 19,000, daga littafin da ya haura haruffa 700,000.

To sauran fa? Kuɗi ne, jama'a. Marubucin zai faɗa maka azurfa nawa aka sayi baiwa, nawa aka ba 'yar aike, wace kishiya aka ɗinka wa siliki wace aka hana. Ximen Qing ya aika wa babban waziri Cai Jing kayan alfarma na murnar ranar haihuwa, sai ga shi da muƙami a ofishin shari'a. Wanda ya yi kisa shi ke yanke wa mutane hukunci!

A 1974 darakta Li Han-hsiang ya mai da littafin fim a kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong. Jackie Chan ma ya fito, yana ɗan talla, kafin duniya ta san shi. Bayan 1988, da aka ware rukunin finafinan manya zalla a Hong Kong, masu shiryawa suka rungumi ɗakin kwana suka watsar da lissafin kuɗin. A ganina sun cuci labarin.

Domin Ximen Qing a babi na 79 ya mutu, yana ɗan shekara 33, maganin ƙarfin maza ya yi masa yawa. Saura babi 21. Barori suka wawure dukiya, matan suka watse, abokin cin mushensa Ying Bojue ya koma zauren wani attajirin.