Idan Yaƙi Ya Tashi, Wa Ke Da Maganar Ƙarshe?

Jama'a, duk wanda ya taɓa bi ta Burma Camp a nan Accra ya san can ne hedkwatar sojojin Ghana. An sa mata sunan ne saboda yaƙin Burma, inda sojojin Gold Coast suka fafata a Yaƙin Duniya na Biyu. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki, taken rundunar ma shi ne "Kullum Shiri". To amma fa ba a barikin ake yanke maganar ƙarshe ba.

Tsarin mulkin 1992 ya ba shugaban ƙasa matsayin babban kwamandan askarawa. Shi ke jagorantar Majalisar Tsaron Ƙasa. Majalisar Sojoji kuwa shi ko wanda ya zaɓa ke shugabantarta, a ciki akwai babban hafsan tsaro da hafsoshin ƙasa, ruwa da sama.

Zaman tsara yaƙi yakan fara da jami'in leƙen asiri: abokan gaba suna ina, su nawa ne, me suka motsa tun daren jiya. Sai mai kula da kayan yaƙi, wanda aka fi rainawa, alhali a hannunsa yaƙin yake. Man da ke ƙasa zai kai kwana nawa? Harsashi nawa ya rage? Wace hanya motar ɗaukar masu rauni za ta bi idan gada ta karye? Daga nan a shimfiɗa taswira, hafsoshi su kawo hanya biyu ko uku, kowace da irin rayukan da za ta ci. Shugaba ya zaɓa, a rubuta umarni, a fayyace wa soja yaushe zai iya buɗe wuta.

Inda ake tuntuɓe shi ne kowa ya shiga gonar wani. Ranar 6 ga Yunin 1944, da sojojin ƙawance suka sauka Normandi a gaɓar tekun Faransa, kwamandojin Jamus ba su da ikon motsa wasu rundunonin tankoki sai da izinin Hitler. Yana barci, ba wanda ya tashe shi, izinin bai fito ba sai da rana ta yi nisa. A 1951 kuma kwamanda ne ya wuce gona da iri: Janar MacArthur na Amurka ya nace a faɗaɗa yaƙin Koriya zuwa Sin, ya fito da saɓaninsa fili, Shugaba Truman ya tuɓe shi a watan Afrilu. A Oktoban 1962 manyan hafsoshin Amurka sun matsa a kai wa Kuba hari ta sama, Shugaba Kennedy ya saurare su, ya zaɓi killace tsibirin ta ruwa.

A Ghana akwai wani birki kuma. Idan shugaba ya ayyana dokar ta-ɓaci, sai ya sanar da majalisar dokoki, ita kuma tana da awa 72 ta ce dokar ta ci gaba ko a janye ta.