Jawabin maraba ga mai girma kwamishinan al'adu a ziyararsa ta Tottenham, Landan

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma kwamishina, ranka ya dade, barka da zuwa, barka da hanya, kuma sannu da sanyi dan na ga tun daga tashar Seven Sisters ka cusa hannu a aljihun babbar riga baka fitar ba. Iyayenmu dake zaune a gaba, yayyenmu mata da suka kwana suna girki, matasa, kowa da kowa sannunku da fitowa. A madadin 'yan uwa Hausawa mazauna arewacin Landan ina cewa lale marhabin da babban bako.

Ranka ya dade an fada mana abinda ya kawo ka kasar nan shine ka ga yadda Turawa ke tafiyar da sana'ar waka, to wlh da muka ji haka sai muka ce ai ba sai an kai ka nesa ba, unguwar nan da kake zaune a cikinta yanzu a nan aka haifi shahararriyar mawakiya Adele a 1988, uwarta ce ta rike ta ita kadai, ba 'yar masu kudi bace ba 'yar sarauta ba. Makarantar da ta yi, BRIT School dake Croydon, ta gwamnati ce kyauta ake shiga, yaro yana karatun boko yana koyon waka da kida a lokaci guda. Ta gama a 2006, wani abokinta ya dora wakokinta na gwaji a shafin intanet na Myspace, kamfanin waka na XL Recordings ya ji ya dauke ta a wannan shekarar.

Albam dinta na farko mai suna 19 ya fito a 2008 kuma ya yi kasuwa har ta ci Grammy, babbar lambar yabon waka ta Amurka, amma duk wanda ya san harkar nan zai gaya maka na biyu shine wuyar aiki. Na farko ka dade kana tara shi a ranka tun kana yaro, na biyu kuwa kowa ya zuba ido, kamfani na jira, 'yan jarida na jira, mawaka da yawa a nan suke zamewa a daina jin duriyarsu. Ita kuwa sai ga shi soyayyarta ta watse a daidai lokacin, ta shiga situdiyo da bacin ranta wajen furodusa Paul Epworth suka hada wakar Rolling in the Deep. Daga baya ta je Malibu a Amurka ta sake daukar wakoki da Rick Rubin, babban furodusa ne da duniya ta sani, amma da aka saurara sai aka ga wasu wakokin daukar farko ta gwaji tafi rai, kuma aka bar mata su a haka. Ranka ya dade nan ne wajen da yafi taba ni, yarinya 'yar shekara 21 ta ce wannan nake so kuma manyan kamfani suka saurare ta, ba wanda ya ce sai ta canza murya ko ta yi rawa ko ta rage kaya kafin a saida.

Albam din na biyu mai suna 21 ya fito a Ingila ranar 24 ga Janairu 2011, a Amurka kuma 22 ga Fabrairu. Tsakanin nan, ranar 15 ga Fabrairu, aka yi bikin bada lambobin yabon waka na BRIT a dakin taro na O2 dake Landan, ta fito da bakar riga ita da mai fiyano kawai ta rera Someone Like You, ba 'yan rawa ba hayaki ba komai, tana gamawa hawaye na neman zubo mata. Ni a shagona na aski na kalla, akwai wani dattijo dan Jamaika a kujera na tsaya da injin a hannu shima bai ce in ci gaba ba har ta gama. Cikin satin nan wakar ta haye lamba daya a kasar.

Daga nan fa sai abin ya zama kamar ruwan Agusta. Sati 23 albam din yana lamba daya a Birtaniya, sati 24 a Amurka, shine aka fi saya a duniya a 2011 aka kuma maimaita a 2012, ya wuce kwafi miliyan 30, kuma a lokacin da kowa ke cewa intanet ta kashe sayen faifai. Ga shi ma bata samu ta yi yawon tallarsa yadda ya kamata ba, makogwaronta ya samu matsala aka soke wasanni aka yi mata tiyata a Boston a Nuwamba 2011, sai da ta yi makonni bata magana. Watan Fabrairu 2012 ta dawo ta kwashe Grammy 6 a dare daya.

To ranka ya dade ga dalilin da yasa na dage a kan labarin nan a gabanka. Ni dinnan duk shekara ina biyan kudin lasisi saboda kawai ina kunna waka a shagona, kudin na bi ta hannun PRS da PPL, kungiyoyin dake karbar kudin hakkin mallakar waka, su isa ga wanda ya rubuta da wanda ya rera. Da farko gsky na ji haushi, daga baya na tuna kanina a gida da ya saida babur dinsa ya yi albam, wakarsa ta zaga gidajen biki, masu tura waka a memori suka ci kudinsu a bakin kasuwa, shi ko sisi bai gani ba, albam na biyu har yau yana cikin littafinsa bai samu kudin situdiyo ba. Muryoyi muna da su ranka ya dade, masu rubutu muna da su, Allah ya hore mana, abinda muke roko in ka koma ka duba mana maganar hakkin mallaka da kuma wajen da yaro zai koyi kida da daukar sauti ba tare da ya bar makaranta ba.

Mun gode da ka ware mana wannan yammacin duk da yawan hidimar dake gabanka, Allah ya kara lafiya da nisan kwana, Allah ya maida kai gida lafiya ka iske iyali lafiya. Gobe da safe in Allah ya kaimu matasanmu biyu zasu raka ka Croydon, inda BRIT School take, a jirgin kasa, yanzu kuma iyayenmu mata sun ce tuwo na hucewa, dan haka bismillah ranka ya dade, ga lasifika ka dan ce mana wani abu kafin a zuba.