Amsoshin Tambayoyinku: Murhun gas na ƙyas-ƙyas amma wuta ta ƙi kamawa

To jama'a mun dawo, lokaci ya matse mu ga wasiƙu sun taru, malam mai gyaran kayan gas yana nan tare da ni, bari mu shiga kai tsaye.

Wani bawan Allah daga Ashaiman yana tambaya ko laifi ne ya kwantar da silinda in gas ya kusa ƙarewa. Laifi ne babba, a tsaye ake barinta. Mun wuce.

Sai Hajiya mai waake (shinkafa da wake) daga unguwar Nima a nan Accra, kuma wallahi irin tambayarta ta fi yawa yau, daga Maamobi, daga Madina, duk abu ɗaya. Ta ce murhunta ya tsufa, in ta murɗa sai ta ji ƙyas-ƙyas amma ba wuta, wani lokaci ya kama tana sakin hannu ya mutu. Malam, bismillah.

"To Hajiya, ni da na fara wannan aiki murhun da ake kawowa ƙarfe ne na gaske, ba irin na yanzu da in ka ɗaga kamar gwangwanin madara ba, mutane sai arha suke bi..."

Malam a dawo kan Hajiya, agogo na kallonmu.

"Yauwa. In ana jin ƙyas-ƙyas to tartsatsi na nan, gas ne bai iso wajen ba. Miya ko mai ya zubo ya toshe ƙananan ramukan kan murhun. A rufe gas daga silinda, a bari ya huce, a cire kan a wanke da tsohon buroshi, ya bushe sarai, don ɗan farin abin nan mai ba da tartsatsi in ya jiƙe ba ya aiki. Wanda kuma yake mutuwa in an saki hannu, akwai wani siririn ƙarfe a gefen wutar, sai ya ji zafi yake riƙe gas a buɗe. Ki danne maɓallin kamar daƙiƙa 10 zuwa 15. In duk da haka ya mutu, ƙarfen ya gaji, a kira mai gyara ya canza."

Bari in maimaita don masu aiki a kicin: a rufe, a wanke, a busar, a danne a ɗan jira. Amma Hajiya ina da faɗa da ke, kin rubuta cewa kina barin gas ɗin a buɗe ki tafi neman ashana. Haba Hajiya! Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a ɗakin, kina ƙyasta ashana shi ke nan. Mu da muka ga fashewar gidan sayar da gas a Atomic Junction a nan Accra a watan Oktoban 2017 bai kamata a riƙa tuna mana ba. In bai kama ba ki mayar da maɓallin, ki buɗe taga da ƙofa, sai warin ya tafi ki sake gwadawa. In warin ya ƙi tafiya kar a taɓa makunnin lantarki, a fita waje a kira 'yan kwana-kwanan Ghana a 192. Ni a gidana kumfar sabulu nake shafa wa tiyo da regileta, in ta yi ƙwai-ƙwai to akwai yoyo.

Wani Baba daga Fadama ya ce tsohuwar hitar wankansa mai gas ta daina kamawa. Malam?

"Baba ya fara canza batir, yawancinsu manyan batir biyu ne a ƙasa. Sannan sai ruwa ya zo da ƙarfi take kunna kanta, in famfo na ɗigo ba za ta tashi ba. Kuma don Allah kar ta zauna cikin banɗaki a rufe, hayaƙinta ba shi da wari amma yana kisa."

Ƙanwarmu daga Sabon Zongo, wutarki da ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta tukunya iska ce ta yi mata kaɗan, shuɗiya ake so, ki wanke kan murhun kamar na Hajiya. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.