Fasfo Biyu, Ƙasa Babu: Yadda Birtaniya Ke Ƙwace Shaidar Zama Ɗan Ƙasa

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. A watan Fabrairun 2019 wata wasiƙa ta isa wani gida a gabashin Landan daga ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya. Sunan wata uwa ne a kanta, amma maganar 'yarta ce a ciki. Wasiƙar ta ce ministan cikin gida, Sajid Javid, ya ba da umarnin a ƙwace wa 'yar shaidar zama 'yar Birtaniya, kuma a taimaka a isar mata da saƙon. Babu alƙali, babu zaman kotu, babu wanda ya tambaye ta ko tana da abin cewa. Sa hannun mutum ɗaya ya gama magana.

Yarinyar ita ce Shamima Begum. A Landan aka haife ta a 1999, a unguwar Bethnal Green ta tashi, iyayenta 'yan asalin Bangladesh ne. Tana da shekara 15, a Fabrairun 2015, ita da ƙawayenta biyu na makaranta suka hau jirgi a Gatwick zuwa Istanbul, daga can suka tsallaka Siriya suka shiga yankin da ƙungiyar IS ke riƙe da shi. Ba ta daɗe da isa ba aka aurar da ita ga wani mayaƙi ɗan ƙasar Holland. Bayan shekara huɗu, da daular IS ta ruguje, wani ɗan jaridar Times ya ci karo da ita a sansanin 'yan gudun hijira na al-Hol a Siriya da tsohon ciki, 'ya'yanta biyu sun riga sun rasu. Ta ce tana so ta koma gida. Hirar da ta yi ba ta jawo mata tausayi ba, don ba a ji nadama sosai a bakinta ba, kuma ran mutane ya ɓaci ƙwarai a Birtaniya. Cikin kwanaki aka soke mata zama 'yar ƙasa. Jaririn da ta haifa a sansanin ya rasu a watan Maris.

To, ba mun zo wanke Shamima ba ne, wannan wata shari'a ce daban. Tambayarmu ita ce, da wane iko gwamnati za ta ce wa wanda aka haifa a ƙasarta, daga yau kai ba namu ba ne?

Amsar tana cikin sashe na 40 na dokar zama ɗan ƙasa ta Birtaniya ta 1981. A da, wannan iko bai shafi haifaffen ɗan ƙasa ba, ya tsaya ne kan waɗanda suka nemi takarda aka ba su. Bayan harin 11 ga Satumba aka faɗaɗa shi a 2002 ya haɗa da haifaffu. Bayan hare-haren Landan na 2005 aka ƙara sassauta sharaɗin a 2006: ya ishi minista ya gamsu cewa ƙwace takardar zai amfani jama'a. Shi ke nan. Ba sai an kama ka da laifi ba, ba sai kotu ta yanke maka hukunci ba. A shekarar 2017 kaɗai mutum 104 aka yi wa haka.

Amma akwai birki guda a dokar, kuma a nan ne zancen ƙasa biyu ya shigo. Ba a yarda minista ya bar haifaffen ɗan ƙasa ba shi da ƙasa ko ɗaya ba. Wannan ya samo asali ne daga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 kan rage yawan marasa ƙasa, wadda Birtaniya ta sa wa hannu. Idan ka ji shi haka, sai ka ce ai kariya ce mai kyau. Ku dai juya shi ku gani. Mutum biyu sun yi laifi iri ɗaya, an haife su a asibiti ɗaya. Na farko kakanninsa duk Turawan Ingila ne, ba shi da wata ƙasa, don haka ba a isa a taɓa takardarsa ba, sai dai a kai shi kotu a ɗaure shi a gida. Na biyu babansa daga Silhet ta Bangladesh ya zo, ko daga Kano, ko daga Karaci. Shi ana iya korarsa. Laifi ɗaya, hukunci biyu, kuma abin da ya raba su ba aikinsu ba ne, inda aka haifi iyayensu ne.

A nan wani zai ce, ai Shamima ba ta da fasfon Bangladesh, ba ta taɓa nema ba. Gaskiya ne. Gwamnatin Bangladesh ma ta fito fili ta ce ba 'yarta ba ce kuma ba za ta bar ta ta shiga ba, har ministan harkokin wajenta na lokacin, Abdul Momen, ya ce idan ta zo hukuncin kisa za ta iya fuskanta. Amma kotun musamman da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki a Birtaniya, wadda ake kira SIAC, ta ce a 2020 ba abin da minista ya faɗa a Dhaka take dubawa ba, abin da dokar Bangladesh ta rubuta take dubawa. Dokar kuwa ta ce ɗan da ɗan Bangladesh ya haifa a waje ɗan ƙasa ne ta hanyar jini, har ya cika shekara 21. Shamima tana da 19 a ranar da aka sa hannu. Saboda haka a kan takarda tana da ƙasa. Wasu 'yan asalin Bangladesh da suka haura 21 sun yi nasara a wannan kotun, an mayar musu da takardunsu, don su an tabbatar za su zama marasa ƙasa. Wato da ta ƙara shekara biyu a hannun IS kafin a gano ta, da dokar ta fi kare ta. Duk wanda ya ce wannan lissafin ya yi masa daidai, to ya sake dubawa.

Ita kanta kotun SIAC ɗin abin kallo ce. Wani ɓangare na zamanta a ɓoye ake yi. Hujjojin jami'an leƙen asiri ba a nuna wa mai ƙara, ba a nuna wa lauyansa. Akwai wani lauya na musamman da aka tantance, shi ake ba wa damar karanta su, amma da zarar ya karanta, ba shi da izinin komawa ya tattauna su da wanda yake karewa. Kana kare kanka daga zargin da ba ka ji ba, kuma kana yi ne daga cikin tanti a hamada.

Shari'ar ta yi ta hawa da sauka. A Fabrairun 2021 Kotun Ƙoli ta ce Shamima ba za ta dawo Birtaniya don bin ƙararta ba, kuma batun tsaro na minista ne, ba na alƙalai ba. A 2023 SIAC ta yarda cewa akwai ƙwaƙƙwaran zato cewa safararta aka yi tana ƙaramar yarinya don a yi lalata da ita, amma duk da haka ta ce matakin ministan bai saɓa doka ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2024, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron batun, lauyoyinta suka nufi kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai.

Masu goyon bayan dokar suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce tara shaidar abin da mutum ya aikata a Raƙƙa, tsohuwar hedikwatar IS a Siriya, ta yadda kotun Landan za ta karɓa, abu ne mai wuyar gaske. Idan ya dawo aka kasa ɗaure shi, sai a zuba jami'ai su yi ta bin sawunsa shekara da shekaru. Hana shi dawowa ya fi sauƙi, ya fi arha. Sai dai mutumin bai ɓace daga duniya ba, an dai jefa shi ne a tsakar gidan maƙwabci. Lokacin da Birtaniya ta ƙwace takardar Jack Letts a 2019, Bature ne ɗan Oxford wanda babansa ɗan Kanada ne, gwamnatin Kanada ta fito ta ce Birtaniya ta sauke nauyinta ne ta ɗora mata. Kanada ke nan, mai bakin magana. Ita kanta Kanadar ta taɓa yin irin wannan doka a 2014, ta soke ta a 2017. Faransa ma ta so ta shigar da ita kundin tsarin mulki bayan hare-haren Faris na 2015, ministar shari'a Christiane Taubira ta ajiye aiki a kan haka, shugaba Hollande ya janye.

Yanzu ku matso, don nan ne abin ya shafe mu. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, matuƙar ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Ba sai ya cika fom ba, ba sai ya riƙe koren fasfo ba. Ɗan yayanka da aka haifa a Manchester, wanda bai taɓa taka Kano ba, wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba, a idon dokar Birtaniya yana da ƙasa ta biyu. Kuma wata doka ta 2022 ta ba minista damar ƙwace takardar ba tare da ya sanar da mutum ba a wasu yanayi. Yawanci ana jira ne sai mutum ya fita ƙasar, sai ya zo komawa a ce masa fasfonsa ya mutu.

Abin mamaki, a wannan fannin kundin Najeriya ya fi riƙe nasa. Sashe na 30 ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace takardar wanda ya samu ta hanyar nema, amma haifaffen ɗan ƙasa babu mai taɓa shi, ko fasfo nawa yake da su. Dattawan Borno ba za su manta da dalilin da ya sa irin wannan kariya take da muhimmanci ba. A Janairun 1980, zamanin Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar dokokin jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallakar da shi Chadi, wai babansa ɗan can ne. Babbar kotun Maiduguri ta ce ɗan Najeriya ne, ta soke korar, ta kuma ce a biya shi diyya. Ba ta'addanci aka kama shi da shi ba, adawa yake yi.

A Nijar kuwa maganar ba tarihi ba ce. A Oktoban 2024 gwamnatin Janar Tiani ta sanar da janye shaidar zama ɗan ƙasa, na wucin gadi a cewarta, daga mutum tara na kusa da hamɓararren shugaba Bazoum, ciki har da Rhissa Ag Boula, bisa wata dokar soja da aka yi wata biyu kafin nan da sunan yaƙi da ta'addanci. Daga baya aka ƙara wasu sunayen, har da tsohon ministan harkokin waje Hassoumi Massaoudou.